Kunnen Pak Ngatiman

A ƙauyen Ngrombo, inda kusan kowane gida ake shanya gangar gita a rana kafin a yi mata fenti, in ka ce Pak Ngatiman, ko Pak Man a taƙaice (Pak kamar Malam ne a wurinsu), abin da za a fara tuna maka shi ne kunnensa. Shi ba makaɗi ba ne. In an miƙa masa gita, iyakarsa ya ja tsirkiya ɗaya, ya jira muryarta ta mutu, ya ja ta gaba. Amma shekara ashirin da wani abu, babu amfilifaya, wato akwatin ƙara wa gita murya, da ta fita daga kamfanin Srigunting ba tare da ta bi ta gaban wannan kunne ba.

Mahaifinsa ɗan ƙodago ne a fadamun shinkafa, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Ngatiman kuwa laka ba ta karɓe shi ba. Yana tasowa ya shiga wurin dattijo Mbah Wiryo, mai kamfanin Srigunting, aka ba shi aikin goge katako. A lokacin ne masu kiɗan biki da ake kira dangdut suka fara sayen gita mai aiki da lantarki, ga shi amfilifayar ƙasar waje sai wane da wane. Mbah Wiryo mutum ne da ba ya ganin ƙofa a buɗe ya wuce. Ya samo wani mai gyaran rediyo daga birnin Solo, suka fara haɗa tasu: akwati na katako mai ƙwari da suke kira jati, saƙaƙƙen ƙyalle a gaba, a ciki kuma ƙananan kwalaben wuta masu ɗaukar zafi har a iya ɗumama shayi a kansu.

Wata rana ana gwada ɗaya, Ngatiman na gefe yana gugarsa, ya ce, "Wannan mura take yi." Aka yi dariya. Da aka buɗe ta, sai ga 'yar tsaga a jikin lasifikar. Washegari Mbah Wiryo ya raba shi da katako ya tura shi ɗakin gwaji.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan kamfanin, ba taga, an lulluɓe bangonsa da buhuna da kwalayen ƙwai don kada maƙwabta su kai ƙara. Su biyu ne a ciki, shi da Tukijan, wani dogo mai barkwanci wanda ke kaɗa gitar, wanda kuma ƙarshen mako yake bin 'yan dangdut gidajen biki. Tukijan ya kaɗa, Ngatiman ya murɗe murya har ƙarshe, ya durƙusa ya kai kunne dab da lasifika. Haka tun safe har la'asar. In sun fito kunnuwansu na ta shuuu, Tukijan ya ce aljanun kamfanin ne ke musu tafi. Wadda ta ci jarrabawa, Ngatiman ya zana mata ɗan tsuntsu da fensir a cikin murfin baya. Wadda ta faɗi ta koma inda ta fito.

A kan wannan aiki ya auri Partinah, mai sayar da shinkafar kwakwa da safe a bakin titi. A kansa suka haifi 'ya'ya mata biyu, a kansa ya rushe ɗakin gora ya yi na bulo. Sai shekarar da kuɗin ƙasa ya karye, kayan da ake shigowa da su suka fi ƙarfin kowa. Mbah Wiryo ya rufe sashen amfilifaya yana share hawaye, bai kuma daɗe ba ya rasu. Ɗansa Prayitno ya riƙe gita kawai. Ngatiman ya kafa tebur a barandar gidansa yana gyaran rediyo da fanka, masallacin unguwa kuma ya damƙa masa kula da lasifikarsa.

Tukijan ya koma kai gita kasuwa a keke. Bayan wasu shekaru, ranar da ake ruwa, jirgin ƙasa ya banke shi a mahaɗar titi da layin dogo. Waɗanda suka gani sun ce jirgin ya yi ta busa tun daga nesa, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. An yi masa salla an binne shi, amma an daɗe ana raɗa cewa da gangan ya yi, don a ƙarshen rayuwarsa ya daina barkwanci, ko gaisuwa ba kullum yake amsawa ba. Ngatiman bai taɓa furtawa ba, amma a ransa shi ma haka ya ɗauka, kuma ya daɗe yana jin haushin abokinsa.

Tsufa ya zo masa da sauƙi, a ganinsa. Abin da ke damunsa kawai lalacewar zamani: yaran yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, talabijin ɗin yanzu kuma muryarta kamar daga cikin tulu.

Ana nan sai ga Laras, 'yar Prayitno, wadda ta yi karatu a Bandung ta daɗe can, ta dawo tana kula da cinikin kamfanin. Pakde take ce masa tun tana ƙarama, kamar wan mahaifinta. Ta zauna daidai gabansa ta miƙa masa wayarta. Wani bature ne mai furfura a ciki, ya juya bayan wata tsohuwar amfilifayar Srigunting, ya haska tocila yana nuna ɗan tsuntsun fensir kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Hannunka ne, Pakde. A Holan nemansu ake yi, a Japan ma haka. Wadda ba ta da tsuntsu ko kallonta ba a yi."

Ngatiman ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ta shekarar da aka haifi ƙaramar 'yata ce. Dubi irin ƙusoshin."

Ta gaya masa abin da ya kawo ta. So take kamfanin ya dawo da amfilifayarsa. Mahaifinta kuwa ya kafe. Cewa yake su masu katako ne, wuta ba gadonsu ba ce. 'Yan China sun cika kasuwa da masu arha. Samarin yanzu ma a wayar hannu suke jona gita. In aka yi aka kunyata, sunan gitar ma zai bi ruwa. Ita kuma cewa take kowane mako sai an tambaye ta, har wani a can gabas ya fara haɗa ta jabu yana zana mata tsuntsu. Rigimar ta bar ofis ta bi su har wurin cin abinci.

"Shi ne muka yi yarjejeniya," in ji ta. "An haɗa guda ɗaya ta gwaji. In kunnenka ya ce ta yi, Bapak, babana, zai yarda. In ka ce ba ta yi ba, in ja bakina in yi shiru."

Tana fita Partinah ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a gabansa.

"Pak, ka ce musu ƙafarka na ciwo."

"Da ƙafa ake ji?"

"Ka tsufa. Ka bar wa yara abinsu."

"Bu, shekara da shekaru ina jiran a tuna da ni. Yau an tuna, ke ce za ki tare ƙofa?"

Ta shiga ta goge masa rigar batik ɗinsa ta zuwa biki.

Ranar gwajin ma'aikata suka ajiye aiki suka cika rumfar fenti, don tsohon ɗakin gwaji ya zama ma'ajiyar katako. Ga amfilifayar a kan tebur, sak irin ta da, har ƙamshin jatin. Gilang, injiniyan da Laras ta ɗauko daga Bandung, ya sunkuya ya kai hannun Ngatiman goshinsa. Prayitno da kansa ya kawo masa kujera. Wani ma'aikaci da ya iya kiɗa ya rataya gita ya fara kaɗawa.

Ngatiman ya karkata kai. Abin da ya iso masa wani gunji ne mai kauri, kamar ana biki a bayan gari.

"Ku ƙara mata murya."

Aka ƙara.

"A toshe take. Ina siririyar muryar? Ai da ita aka san Srigunting."

Gilang ya ce, "Ta kusa ƙurewa, Pak."

Ngatiman bai amsa ba, don ba shi yake kallo ba. Ya tashi da kansa ya murɗe maɓallan biyu har ƙarshe, ya durƙusa kamar da, ya kai kunne, ya lumshe ido. Daga can nesa ya fara jin wani ɗan siririn abu yana ratsowa, irin wanda ya daɗe bai ji ba. Ya yi murmushi. Ya ce, "Yanzu ta fara magana."

Da ya buɗe ido, murmushin ya daskare masa a fuska. Duk wanda ke rumfar ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Makaɗin ya saki gitar tana lilo a wuyansa, ya daina kaɗawa tun ba a san yaushe ba. Wata mai fenti ta ruga waje da jaririnta a kafaɗa, bakin jaririn a wangame. Laras na magana, jijiyar wuyanta ta tashi, amma motsin baki kawai yake gani. Gilang ya tsallake benci ya fizge wayar wutar daga bango.

"Me ya faru?" in ji Ngatiman.

Prayitno ya matso ya tsaya inda zai ga fuskarsa.

"Pak Man, ba ka ji ba?"

"In ji me?"

"Fito ta ɗauka, tun da ka taɓa ta. Irin fiton da ke huda kai."

"Babu wani fito." Ya juya ga makaɗin. "Kai, ka ji fito?"

Makaɗin ya sunkuyar da kai. "Har yanzu yana cikin kunnena, Pak."

Ngatiman ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Laras da Gilang ne kawai mamaki ya kama. Sauran, 'yan Ngrombo, waɗanda yake gaisawa da su kullum, waɗanda ya gyara wa iyayensu rediyo, babu mamaki a fuskar ko ɗaya. Kunya ce kawai, irin ta wanda aka kama da abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Wannan ya fi fiton girgiza shi. Ya miƙe ya fita. Sai da ya isa gida a ƙafa ya tuna a keke ya zo.

Ya tarar da Partinah tana kankare tukunyar shinkafa.

"Tun yaushe?"

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba. Ta ajiye tukunyar ta juyo gaba ɗaya.

"Tun kafin auren ƙaramarmu."

Auren nan, yaron da aka haifa a cikinsa har ya shiga makaranta.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Pak. Ka ce ni ce nake magana kamar mai rogo a baki."

"Lasifikar masallaci fa?"

"In ka saita ka fito, ladan ya bi bayanka ya rage."

"Rediyoyin mutane?"

"Wadda ta mutu, kana tayar da ita lafiya lau. Mai ƙara ko mai shuu kuwa, in ka ce ka gama, nakan biya da ita wurin wani mai gyara a hanyar Solo kafin in kai wa mai ita."

Ya zauna a bakin randa. "Wato duk garin sun sani."

"Duk garin."

"Kuma kowa ya zo gabana yana cewa Pak Man mai kunne."

"To me za su ce? Kai ka kai sunan ƙauyen nan har Jakarta. Wa zai iya kallon idonka ya faɗa?"

A nan ne ya lura da yadda take tsaye: ta fuskance shi sosai, tana buɗe baki a kan kowace kalma, ƙirjinta na hawa yana sauka. Ya tuna haka mai shayi yake masa, haka liman yake masa, haka 'ya'yansa suke masa in sun zo.

"Yanzu haka, ihu kike yi?"

"Ihu nake yi, Pak. Maƙwabta na jin mu."

Kwanaki bai leƙa baranda ba, ko masallaci bai je ba. Laras ta zo idonta ya yi ja. Ta ce ita ba ta sani ba; mahaifinta ya taɓa jin an ce kunnen ya ɗan yi nauyi, amma nauyin baki ya hana shi faɗa, kuma bai zaci abin ya kai haka ba. Ta roƙe shi ya bari ta kai shi wurin likitar kunne a Solo. Partinah ce ta ce to a madadinsa.

Likitar ta sa masa wani abu a kunnuwa, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya daɗe zaune hannunsa a gwiwa yana jiran a kunna na'urar, sai ya ga ta cire masa abin. Ashe an yi nisa da gwajin. Ta matso kusa ta tambaye shi ko a masaƙa ya yi aiki, ko soja ne. Ya ba ta labarin ɗakin gwaji. Ta ce to shi ne. Siraran muryoyi su ake fara rasawa, kuma abin da ya mutu a ciki ba ya dawowa. Sai dai a sa masa na'urar da za ta taimaka wa abin da ya rage.

"Kai kaɗai ne a ɗakin?"

"Mu biyu ne. Ɗayan ma har gidajen biki yake bi yana kiɗa."

"To shi ya fi ka buƙatar zuwa. Ka turo shi."

Ngatiman ya miƙe ya bi Laras zuwa mota. A hanyar komawa suka tarar an sauke shingen layin dogo, babura sun yi cincirindo. Yana kallon titi ba tare da tunanin komai ba, sai kawai ya ga jirgi ya cika gilashin motar. Sai a lokacin ya ji rugugin a ƙirjinsa. Ya dafa hannun Laras.

"Ya busa?"

"Ya busa, Pakde. Tun daga can nesa yake busawa."

Ngatiman ya lumshe ido. Ya ga Tukijan a kan keke cikin ruwa, da hular leda a kai, da gita ɗaure a baya, yana kallon gabansa. Ya tuna safiyar da ya gaishe shi daga nesa bai amsa ba, shi kuma ya yi fushi ya daina gaishe shi.

"Kai ni gidan Tukijan," in ji shi.

Waginah, matar marigayin, tana zaune a ƙofa tana feraye rogo. Ya zauna a ƙasa gabanta duk da ta nuna masa benci. Ya faɗa mata abin da likita ta ce, da abin da ya faru a layin dogo yanzun nan. Ta saurara har ya gama, wuƙar na hannunta.

"Ai na faɗa a lokacin," in ji ta, tana ɗaga murya ba tare da an ce ta ɗaga ba. "A wurin zaman makoki na faɗa. Na ce kunnensa ne ya mutu. Aka ce baƙin ciki ne ya sa nake nema masa uzuri. Aka ce mutanen ɗakin gwaji ko allura ta faɗi suna ji, ga Pak Man nan a tambaye shi."

"Ni me na ce?"

"Ba ka ce komai ba. Ban sani ba ko ka ji ni."

Ranar Juma'a ya je masallaci. Ana idar da salla ya miƙe, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya ce shi Ngatiman kurma ne, kuma ya san duk sun riga shi sani. Ya ce Tukijan ma kurma ne, ya fi shi, kuma jirgin nan bai ji shi ba. Ya ce duk wanda ya taɓa raɗa wata magana a kan mamacin ko ya riƙe ta a ransa, shi ne na farko, ya je ya nemi gafarar Waginah. Da ƙarfi ya faɗa, don bai san ƙarfin muryarsa ba, har matan da ke bayan labule suka ji. Da yamma mutane suka yi ta shiga gidan Waginah da sukari da ganyen shayi.

Maganar amfilifaya kuwa ta juye. Gilang ya gano fiton tun ranar, wasu wayoyi biyu ne suka kusanci juna, ya raba su ta daina. Amma Prayitno ya ce an gama, ba zai sake buɗe abin da ya cinye kunnen mutum biyu a hannun mahaifinsa ba. Laras ma jikinta ya yi sanyi, ta daina musu. Ngatiman ne ya je ya same su a ofis, da sabuwar na'urarsa maƙale a bayan kunne.

"Mbah Wiryo bai sani ba," in ji shi. "Mu ma ba mu sani ba. Ku kun sani yanzu. Ba akwatin ne ya cuce mu ba, yadda muka zauna da shi ne."

"Kasuwar fa, Pak Man?" in ji Prayitno.

"Kasuwa ban san ta ba, wannan tsakaninka da 'yarka. Ni dai kada a fasa saboda ni, kada kuma a yi saboda ni."

Laras ta ce, a hankali, sannan ta tuna ta maimaita da ƙarfi, ko zai yarda ya riƙa zana musu tsuntsun.

"A'a, Nduk, 'yata. Hannuna ba zai shaidi abin da kunnena bai ji ba."

Daga ƙarshe an yi ta, amma kaɗan-kaɗan. An gina sabon ɗakin gwaji mai gilashi a tsakiya, amfilifaya a ciki, mutum a waje yana duba allurar na'ura, in kuma dole sai an shiga, sai da abin toshe kunne. Wasu turawan da suka ga babu tsuntsu sun janye. Masu kiɗan biki da gidajen shan kofi na birnin Yogya su ne suka fi saye. Prayitno na cewa da kyar take ciyar da kanta, Laras na cewa ba a haifar yaro da gudu. Har yanzu ba su gama wannan musun ba, kuma kowace shekara sai an sake zama a kan ko a ci gaba.

Ngatiman ya naɗe teburin barandarsa, ya miƙa wa ladan makullin akwatin lasifika. Ya sayi agwagi yana kora su fadama in an yi girbi. Na'urar ba ta mayar masa da kunnensa na da ba, kuma in hayaniya ta yi yawa cire ta yake ya sa a aljihu. Amma da ita ya gano cewa butar shayin gidansa fito take yi in ta tafasa, da ita kuma ya gano jikansa na Semarang da tsamin baki yake magana, yana mayar da "r" ta koma "l". Malamar makaranta ta ce zai daina in ya ƙara girma. Shi ya sa, tun kafin ya daina, Ngatiman ke yawan sa Partinah ta kira masa gidan 'yarsu a waya, ya ce a ba yaron, ya sa shi ya yi ta ba shi labarin abin da aka yi a makaranta.